Akuyar Ummi da Garken Dakta

Setapak, Kuala Lumpur

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai.

Zuwa ga Ummina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kin sami kujerarki, kin ɗaura ɗamara, kin yi addu'ar hawa abin hawa. Allah Ya ɗaga ku lafiya, Ya sauke ku lafiya, Ya tsare mini ke daga sharrin sama da na ƙasa, amin.

Na ce wa mamanki kada ta ba ki takardar nan sai kin miƙa akwatinki an wuce da shi. Akwai dalili, yana can ƙarshe, kuma kada ki tsallaka, na san halinki. Da Hausa na rubuta da gangan. Tafiyar doguwa ce, ki yi ta haɗa baƙin a hankali, don inda za ki babu mai ce miki "boleh lah" irin na mutanen Malesiya. In kin ga rubutun ya karkace, ki tuna ubanki a allo ya tashi, hannunsa daga dama ya saba tasowa. Bokon nan a waya na tsince shi.

Tun ranar da muka dawo daga gidan Dakta Nasiru ba ki ƙara yi mini dariya ba. Kina gaishe ni, kina kawo mini shayi, "to Abba", "na'am Abba", shi ke nan. Shekaranjiya na zuba wa mamanki gishiri a shayi, ta biyo ni da ludayi har bakin lif, ke ko ɗagowa ba ki yi ba. Na san dalili. A garin nan aka haife ki, ba ki san wani gida ba. Yanzu shekara goma sha takwas ta cika, takardar zaman da kike a ƙarƙashina ta ƙare, sai dai ta ɗalibai, ita kuwa sai da kuɗin jami'a. Sadik ɗan Dakta, sa'anki, zai zauna ya yi karatunsa a nan. Ke za ki Ungogo wajen kakarki Inna, ki yi naki a Kano. Abin da ya raba hanyarku kuwa akuya ce. Kin san labarin gutsi-gutsi, amma ta bakina kika ji shi, ni kuwa duk labarin da ya bi ta bakina sai ya fito da ƙaho. Yau zan ba ki shi yadda yake.

A gidanmu, in za a yaye yaro wajen kakarsa ake kai shi. Ta goya shi, ta dama masa kunu, ta yi ta lallashi har ya manta da nono. Ranar da za a mayar da shi sai ta ba shi 'yar akuya. Tasa ce halak malak. Ta haihu, 'ya'yan su haihu, ba mai taɓawa sai ranar da yaron zai bar gida. Mace a yi mata kayan ɗaki, namiji ya ja jari. Garken tawa akuyar ne ya cika mini kuɗin jirgin da ya kawo ni ƙasar nan.

Da lokacin yayenki ya yi, ba halin kai ki gida. Sai Inna ta ba wani ɗalibi mai zuwa nan saƙon kuɗi, ta kuma bugo waya.

"Sabi'u, kun hana ni yaye takwarata. To ka saya mata akuya. Kuma kada ka yi mini wasan nan naka."

"Inna, a ina zan ɗaure ta? A bene muke, mun kusa gajimare. Sai dai in ɗaure ta a lif ta riƙa hawa da sauka da mutane."

"Wannan kai ta dama. Wa ya aike ka garin da ba turke?"

A lokacin Dakta bai zama Dakta ba, ni dai nake kiransa haka don tsokana. Malam Nasiru ne, ɗalibin da gwamnati ta turo karatun tattalin arziki, yana zaune a Pantai Dalam cikin ɗakin da ni na samo masa. Duk Juma'a bayan an sauko sai mu zauna a mamak, shagon shayin nan da ke ƙasan benenmu. Nan na kai masa kukana. Ya ce ai akwai akuyar da ba ta bukatar turke, hannun jari ake ce mata. Ka sayi ɗan yanki na kamfani. In sun ci riba su yago maka, in kamfanin ya girma rabonka ya girma tare da shi. Ya ce hanya biyu ce. Ko ka zaɓi kamfani ɗaya ka zuba, ko ka sayi abin da ya kira kwando, wato an tsakuro kaɗan-kaɗan daga kamfanoni masu ɗimbin yawa na kasuwar gaba ɗaya an haɗa wuri guda, bayan malamai sun tace sun fitar da masu giya da caca da kuɗin ruwa. Shi kwandon ya saya wa Sadik a wancan watan.

Ni kuwa tuni zuciyata ta tafi wani wuri. Kin tuna agwagwarki? Rawaya, mai ƙafafun taya da igiya, wadda in an matsa cikinta take kuka. A wani kedai, wato kanti, a Chow Kit kika damƙe ta kika ƙi saki, har mai kedan ya ce in biya ko in bar masa ke. Kullum kina janta a barandar benenmu, ke da kanki ba ki gama iya tafiya ba, yaran maƙwabta na bin ki a baya, 'yan Malay da 'yan Sin da 'yan Indiya da 'yan Sudan, kamar kin buɗe makaranta. Na juya cikin agwagwar nan, na kai wa Malam Nasiru ya karanta mini sunan kamfanin. Na ce shi nake so.

Kuma kada ki ce ba ni da hujja. Ina da ita har ta yi yawa. Yara ba sa ƙarewa, kullum haihuwa ake. Yaro in ya sa kuka, ko uban da ya fi kowa maƙo sai ya sa hannu a aljihu. Ga shi ni da kaina ina cusa katan-katan na kayan wasansu cikin kayan da nake aikawa Kano, kafin Sallah sun ƙare. Na ce wa zai gaya mini kasuwar kayan wasa?

Malam Nasiru ya ce, "Sabi'u, agwagwar ka sani, ba kamfanin ba. Ka san nauyin da ke kansu? Ka san wanda ke shirin ƙera irinta a rabin kuɗi?"

Na ce, "Dakta, Inna akuya ta ce, ba ta ce kwando ba. Kai dai tsoro ka ji ka sayi kowa da kowa. Wanda ya kai kuɗin aure kowane gida a unguwa, ai ba wadda yake so."

Ya yi dariya har shayin teh tarik ya fito masa ta hanci. Duk teburin aka ce na ci gardama. Da ya goge gemunsa sai ya ce, a hankali, "Ni ba aure na zo ba, kiwo na zo." Ba wanda ya ji shi sai ni, ni ma na yi kamar ban ji ba.

Ummi, wannan ki riƙe shi. Wanda ya ba mutane dariya ba lallai shi ne mai gaskiya ba. Ni na daɗe ina cin gardama da barkwanci, kuma duk wadda na ci ta wannan hanyar sai da na biya daga baya. Abin da zuciyarki ke so, ki saye shi ki yi wasa da shi. Abin da za ki jingina gobenki a kansa kuwa, ki tambayi wanda ya sani, kuma ki saurari maganar da ya faɗa a hankali bayan dariya ta lafa.

Na gaya wa Inna abin da na saya. Ta ce ba ta gane ba, amma tunda na ce yana haihuwa, to shi ne akuyar. Sunan ya bi shi har yau.

Shekarun farko, kai, sun yi daɗi. Kamfanin ya fito da wani abin wasa da kowane yaro a duniya ya ce sai shi. Akuyarki ta yi tsalle ta haye katanga, kwandon Dakta kuwa yana tafe kamar mai ciwon ƙafa. Na sa aka ɗauko mini kukan akuya daga Ungogo a waya. Duk ranar da farashi ya ɗaga sai in tura masa, ba sallama ba komai, "meeee" kawai. In mun haɗu a masallaci in ce, "Dakta, yaya kunkuru? Ya iso unguwar Cheras kuwa?" Ranar da ya zama Dakta na gaske, mutane na kai masa agogo da turare, ni na naɗe masa kunkurun roba a takarda mai ƙyalli, na wannan kamfanin kuma. Ya karɓa da hannu biyu, ya ɗora a kan talabijin. Har yau yana nan. Ranar da muka je da ke, ni kaɗai na lura kunkurun yana kallona.

Kowace Sallah Inna in ta gama amsa barka sai ta ce, "Akuyar ta haihu?" Kamfanin kuwa yana yago mana riba lokaci-lokaci, sai in ce, "Ta haihu, Inna." Ta ce, "Madalla." Ba ta taɓa tambayar ina ɗan yake ba, ni ma ban taɓa faɗa ba, don a ganina ba abin faɗa ba ne. Ribar na shigowa sai in ce mamanki ta sauke tukunya, yau makan a waje, wato a gidan abinci za mu ci. Da ita na saya miki takalmin Sallar nan mai walƙiya in an taka, wanda kika ƙi cirewa har a kan sallaya. Da ita na saya miki keke. Da ita muka je bakin teku a Port Dickson, ranar da kika fara ganin igiyar ruwa kika ruga kika ɓuya a bayan ƙafata kina ce mata "go away", ni kuma na binne takalmin mamanki a yashi na manta wurin, ta dawo gida da ƙafa ɗaya a leda. Kin yi dariya a motar nan har kika shaƙe. Ina rufe ido in ji ta.

Dakta kuwa bai taɓa cire ko anini ba. Duk abin da kwandon ya haifa sai ya mayar ciki, ɗan ma ya girma ya haifi nasa. Ni ban ɗauki wannan a bakin komai ba, don kuɗin kaɗan ne, kuɗin gurasar roti da kaza. Sai da shekaru suka taru na ga ashe rabin tazarar da ke tsakaninmu a nan take.

Ranar da bakina ya kuɓuce na gaya wa Inna cinye ribar muke, sai ta ce:

"Sabi'u, ni da na ce akuya, ai don ta zama garke na ce. Kai ashe duk ɗan da ta haifa yankawa kake."

"Inna, ai ita ta ci naman."

"Ita ta ce ka yanka?"

Ba zan yi miki ƙarya in ce na yi nadamar ranar tekun nan ba. Amma da daga gumina ya kamata in kai ku, ba daga turkenki ba. In Allah Ya ba ki abin da ke haihuwa, ki bar 'ya'yan a garke. Kwaɗayin yau a biya shi da aikin yau.

Ramewar akuyar ba rana ɗaya ta zo ba, shi ya sa ban ji ƙararta ba. Amma alamar farko a falonmu ta bayyana. Wata rana na dawo na ga agwagwa a ƙarƙashin kujera, ƙura ta hau ta, ke kuma kina kwance da wayar mamanki, yatsa na ta gudu a kan gilashi. Na matsa cikinta ta yi kuka, kika ce, "Abba, shhh." Ba a jima ba mai karɓar kayana a Kano ya ce in rage kayan wasa, na bara ma suna nan, yara yanzu waya suke wa kuka. Kin ga, na riga masu kwat da wando ganin abin, da idona, a ɗakina. Sai na ce ai yayi ne, zai wuce.

Ga wani abin haushi da abin dariya. Kamfanin nan kaya mai ƙarko yake yi. Agwagwarki ta faɗo daga baranda, ta shiga injin wanki, ƙaninki ya gada ya cije ta da sababbin haƙora, har yau tana kuka. To kayan da ba ya mutuwa, wa zai koma ya sayi na biyu? Abin da ya sa na so su, shi ne bai cika musu aljihu ba. Kyan kaya daban, kyan jari daban.

Daga nan tafiyar ta koma iri ɗaya. In bukukuwan ƙarshen shekara sun matso, ko an fito da sabon abin yayi, sai akuyar ta zabura, in tura wa Dakta "meeee". In an kwana biyu ta koma ta kwanta, in yi shiru. Shi kuwa kwando, in masu kayan wasa sun yi sanyi masu waya na ja, in masu waya sun gaji masu manja ko masu magani ko masu wutar lantarki na ja. Akwai shekarar da kasuwa duka ta faɗi, ni da shi muka sha ƙasa tare, har na ji daɗi na ce yau kunkuru ya kife. Nasa ya tashi ya kakkaɓe ya wuce inda yake da. Tawa ta tashi iya gwiwa ta tsaya tana tuƙa.

Kuma ba mutuwa ta yi ba, kada ki ji an ce. In aka gwada da abin da Inna ta aiko, ta ɗara. Da wannan na yi ta rarrashin kaina shekara da shekaru, ina cewa ai ba mu yi asara ba. Amma kuɗin roti na wancan lokacin ba shi ne na yau ba, balle kuɗin jami'a. Ina ta gwada akuyar da jiyanta, alhali da garken maƙwabci ya kamata in gwada ta. In kina so ki san ko abinki na ci gaba, kada ki duba damina ɗaya, kuma kada ki duba shi shi kaɗai. Ki ajiye shi kusa da na kowa, ki duba damuna masu yawa a jere.

Wata Juma'a na ce wa Dakta, cikin ƙarfin hali, in akuyata ta sake tsalle zai yi da na sani. Ya ce, "In ta yi tsalle ni ma zan ji a jikina. Ai tana cikin garkena." Ashe kamfanin nan nawa yana cikin kwandon, ɗaya daga cikin tarin. Duk shekarun nan da nake masa kukan akuya, yana da ƙofato ɗaya a jikinta. In ta yi ƙiba ya samu, in ta rame bai ji ba.

Allah kuwa bai bar ni ba hanya ba. Lokacin kullen annoba, da aka rufe yara a gidaje suka ishi iyayensu, sai aka koma sayen kayan wasa. Akuyarki ta miƙe kamar ta tuna ƙuruciya. Dakta ya bugo mini.

"Sabi'u, ƙofa ta buɗe. Ka sayar ka shigo kwando. Ummi ta kusa gama sakandare, wannan ba lokacin caca da ita ba ne."

Kin san abin da na tura masa? "Meeee."

Ba don ban yarda da shi ba. A cikina na san gaskiya ya faɗa. Amma in na sayar, sai in koma teburin mamak in ce kunkuru ya yi gaskiya, a gaban mutanen da na yi shekaru ina ba su dariya da shi. Wannan ciwon masu tsokana ne, Ummi. Muna iya yi wa kowa dariya, amma ba ma iya zama a yi mana. Da aka buɗe gari yara suka koma makaranta, akuyar ta koma makwancinta, ƙofar ta rufe. In kin gane kin ɓata hanya, ki juya tun a nan, ko da 'yan kallo. Dariyar mutane yini ɗaya take. Ni na guje wa ta yini ɗaya, ga shi na rasa taki.

Abin da ya fi ba ni kunya, tun ina ƙaramin yaro a gaban malam aka biya mana labarin uban da ya ce wa 'ya'yansa kada su shiga gari ta ƙofa ɗaya, su rarrabu. Na rubuta a allo, na haddace, na wanke na sha. Ya shiga cikina bai shiga kaina ba.

Don adalci, Dakta da kansa yakan ce akwai kamfanonin da su kaɗai suka tsere wa kwando nesa ba kusa ba. Ya ce matsalar ita ce, sai an gama tseren ake sanin su. Yakan kuma ce kwandon ma ba alkawari ya yi wa kowa ba, abin da ya yi jiya ba dole ya yi gobe ba. Arziki na Allah ne. Amma ɗaure raƙumi aka ce a yi kafin tawakkali, ni kuwa da igiyar agwagwa na ɗaure nawa.

Sai ranar nan. Kina zaune kusa da mamanki a falon Dakta, ya buɗe kwamfuta ya nuna mana layi biyu da suka taso daga wuri ɗaya. Ɗaya ya yi sama da sauri kamar bunsuru ya ga dusa, ya faɗo, ya yi ta tsalle-tsalle a wuri guda. Ɗayan yana hawa a hankali kamar mai ɗauke da kaya a matakala, yana tuntuɓe yana tashi, har ya bar na farkon can ƙasa. Kika ce da Turanci, "Uncle, zai isa kuɗin jami'a?" Dakta ya cire tabarau yana gogewa. Ni kuma sana'ar aika kaya kin san yadda ta koma, ɗalibai sun ragu, ba ni da abin cikawa. Sai na yi abin da na iya. Na ce, "To, aƙalla tamu ta fi tasu iya rawa."

Ba wanda ya yi dariya. Kika dube ni kika ce, "Abba, ba komai ne wasa ba."

Da Hausa tsantsa kika faɗa, ba Turanci ba "lah". Na yi shekaru ina roƙon ki yi mini jimla ɗaya cikakkiya da harshen Inna, ashe wannan ce za ta zo. Kuma da Dakta ya fara cewa ko a taɓa na Sadik a taimaka, ke kika tare shi kika ce garken Sadik na Sadik ne, ba a taɓawa. Ba a kai ki yaye Ungogo ba, amma al'adar ta same ki har nan. A lif muna saukowa na so in gaya miki kin burge ni, bakina ya kasa, don bai saba da magana ba ƙaho ba.

Gaskiyarki ne. Ba komai ne wasa ba. Na ɗauki abin da yake naki na yi wasa da shi, kuma ke ce kike biya da barin garinku. Ƙaninki kwando na buɗe masa, wato shi zai ci ribar karatun da aka yi a kanki. Wannan ma na san ba daidai ba ne, kuma ba ni da yadda zan daidaita shi. Ki yafe mini.

Yanzu akuyar ta koma sunanki, Dakta ya gama komai, zai nuna miki yadda ake dubawa a waya. Shawarata, ki sayar ki shiga kwando, ki bar 'ya'yan a ciki, ki manta da shi har ki gama digiri. Ko zai kai ya taimaka ki dawo karatu na gaba, Allah ne Masani, na daina yi wa kasuwa alkawari. In zuciyarki ta ce ki rage ɗan ƙofato don tunawa, ki rage, amma ki san tunawa kika saya ba jari ba. Ke za ki yanke. Ni na riga na zaɓa miki sau ɗaya.

A Kano za su yi wa Hausarki dariya, za su ce miki 'yar Malesiya. Ki riga su darawa, sai abin ya mutu. In Inna ta zuba miki tuwo kada ki ce za ki yi tapau, wato a ƙunshe miki ki tafi da shi, a gabanta ake cinyewa. Za ta tsokane ki tun daga ƙofar gida, ki rama, jika ce ke, an halatta miki abin da ni ba a halatta mini ba. Kuma ki sani wajenta na sha wannan hali, kada ta yi miki fuskar salihai. Kada ki rataya ranki a kan ƙawa ɗaya ko malami ɗaya ko sana'a ɗaya, ki bar wa kanki ƙofofi. Ki riƙe salla a kan lokaci, can ma za ki ji kiran ta ko'ina, har ya fi na nan kusa.

Za ki yi kewar ruwan la'asar ɗin nan da ke sauka kamar an kifar da tulu, da sanyin cikin jirgin ƙasa, da Anti mai sayar da shinkafar nasi lemak da ke ƙara miki gyaɗa ba ki tambaya ba. Na san ciwon, don ni ma har yau in hadari ya haɗu a kan Setapak hancina ƙamshin ƙasar Ungogo yake nema, ba ya samu. Ke za ki garina, ni ina zaune a naki. Ki kula mini da shi, zan kula miki da wannan.

To, ga dalilin da na ce sai akwati ya wuce. Agwagwarki tana ciki. Na cusa ta a tsakiya, ƙarƙashin yadin da mamanki ta saya wa Inna, daidai inda duk wanda ya danna akwatin sai ta yi kuka. Kin san kuwa ma'aikatan kwastan ba sa barin akwati ba su danna ba. Yanzu tana can ƙarƙashin ƙafafunki a cikin jirgi, ba yadda za ki yi. In kin isa ki miƙa wa Inna ita, ki ce ga wadda ta cinye mata akuya, su yi shari'arsu.

Na san na ce ba komai ne wasa ba, kuma ga shi na sake. Ummi, ni ba ni da wani harshen. Da shi na nemi mamanki, da shi na yi miki rawa ranar da aka haife ki, da shi nake ba ki haƙuri.

Allah Ya kai ki lafiya, Ya haɗa ki da mutanen kirki, Ya kare ki daga mugun ji da mugun gani. Allah Ya buɗa miki ƙofofin da wautata ba ta isa ta rufe ba, Ya sa albarka a karatunki, Ya mayar da akuyarki garke. Ki gaida Inna, ki gaida duk wanda ya tambaye ni, wanda na taɓa tsokana kuma ki ce ina nan yadda ya san ni.

In kin sauka mamanki za ki kira, na sani, kuma daidai ne. Ni ba sai kin ce mini komai ba. Amma in agwagwar nan ta yi kuka a gaban mutane har bakinki ya motsa, ko kaɗan ne, ko a ciki ne, ki ɗauki waya ki matsa cikinta sau ɗaya ki turo mini. Zan gane. Wayata na hannuna.

Wassalam.

Naki har kullum,
Abbanki, Sabi'u